Wai Sabis Ne Yake Yankewa

Wani numfashi ne ya tashe ni a daren. Ba minshari ba ne, ba kuma kukan mage ba. Huci ne siriri, irin na mutumin da ya hau bene da kaya a ka, ya tsaya a bakin ƙofa yana jin kunyar ƙwanƙwasawa. Ya yi, ya yi, sai ya ɗauke, can kuma ya dawo. Da na kasa kunne sai na ji daga cikin sif ɗin kayana yake fitowa.

Masu karatu, kada ku yi mini dariya. Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, sannan na lallaɓa na taso Umma. Ta zo da tocila a hannu ɗaya, tsintsiya a ɗaya hannun, ta kuma sa ni a gaba, wai ni ce mai ƙuruciya. Muka buɗe sif. A ƙarƙashin zannuwa, cikin tsohon bargon da Umma ta ware mata, kwamfutata ce ta farka ita kaɗai. Fankarta na ta juyawa, jikinta ya yi zafi rau kamar yaro mai zazzaɓi.

Umma ce ke naɗe ta a bargo kullum da dare, wai abin da ake cin abinci da shi ba a barinsa a fili. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ni dai na faɗa miki. Tun ranar da ta yi ta juya ɗigo-ɗigon nan tana cewa kada a kashe ta, ba ita ce ta dawo ba."

A nan kam Umma ba ta yi ƙarya ba. Kwanaki kaɗan kafin wannan dare babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta sabunta kanta, ba ta nemi shawarar kowa ba. Tun daga nan hali ya canza. In kwanta na bar ta cike da caji, in tashi in tarar batir ya mutu murus. In ina aiki kuma, sai alamar wayafai, wato sabis ɗin intanet na gidanmu, ta ɓace daga kusurwa kamar an ɗauke ta da hannu, ta dawo lokacin da ta ga dama. Ni kuwa da ita nake sana'ata. Zanen ƙofofi da tagogin ƙarfe nake yi wa masu walda, in zana furanni da ganyaye da taurari, su kuma su lanƙwasa ƙarfe ya bi zanena.

Amma ba aikin ne ya hana ni barci ba. Bari in faɗa muku abin da ke ƙasa.

Akwai wanda nake so. Mai Awo nake ce masa, don aikinsa ke nan: a wata madatsar ruwa mai nisa yake zaune, safe da yamma yana auna inda ruwa ya kai, yana sanar da na ƙasa ko su kwana da shiri. A shagon walda muka haɗu, ya zo a yi wa mahaifiyarsa taga. Bai ce mini komai ba ranar, takarda ya miƙo mini ya rubuta yana son zanen igiyar ruwa, amma mai kwanciyar hankali. Na ɗauka girman kai ne. Sai daga baya na gane i'ina yake yi, mai tsanani kuwa. A rubutu babu wanda ya kai shi, saƙonsa ɗaya sai in yini ina maimaitawa. Amma in ya buɗe baki, kalma takan tsaya masa a ƙofa kamar akuyar da ta ƙi shiga mota.

A gida sun san da shi, amma maganar i'inar ban faɗa wa kowa ba. Dalilina Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ta raine shi tun yana ƙarami, bai kuma taɓa tsallake maganarta ba. Babana kurma ne, ko in ce ya kusa. Shekarun da ya yi a masaƙa cikin ƙarar injuna ne suka cinye masa kunne. Da ido yake ji, leɓen mutum yake karantawa, ya ce a can kowa haka yake hira. Ba mu da ɗa namiji a gida, ni kaɗai ce. Don haka kullum maganar Gwaggo ɗaya ce: gidan nan baki yake nema. Surukin da zai tsaya a taro ya yi magana da yawunmu, wanda zai je ofis ya dawo da biyan buƙata. Har ta samo mana shi, wani mai yi wa kamfanoni talla da lasifika. Mai Talla ba mugu ba ne, turarensa ma yakan riga shi hawa bene. Sai dai in ya fara zuba ko numfashi ba ya yi, ga gashin baki ya rufe leɓen sama ruf. Ranar da ya zo gaisuwa, Baba ya yi ta gyaɗa kai, bayan ya tafi ya tambayi Umma wai me yaron ya ce.

Ba a tilasta mini ba, kada in ɗauki alhakinsu. Amma kun san irin matsin da ake yi da murmushi. Gwaggo ta ce mutanen Mai Talla suna jiran amsa ƙarshen mako, shi kuma wancan mai gadin ruwan, in da gaske yake, ya fito a gan shi. Ga damina ta yi ƙarfi, ruwa na hawa, ba shi da halin barin madatsa. Baba ya ce to a haɗa su a kwamfuta, fuskar waya ta yi masa ƙanƙanta, ba ya ganin baki.

Washegarin daren numfashin nan aka yi kiran farko. Na caja kwamfutar a ɗakina, na zare caja na kai ta falo, kan ɗan teburin da ke gaban kujerar Baba a bakin taga, inda haske ya fi kyau. Gwaggo ta zauna a gefe da babban mayafinta ruwan goro, ta ɗora jaka a cinya kamar mai shari'a. Mai Awo ya bayyana, ya ɗaure maɓallin rigarsa har wuya. Ya buɗe baki zai yi sallama, sai hoton ya daskare. Ya dawo, ya ce, "Ba, ba, ba," sai kuma ya sake tsayawa, baki a buɗe.

Gwaggo ta ja tsaki ta ce wannan sabis ɗin ko na ƙauye albarka. Duk tsayawar da aka yi, sabis ta zaga. Ni kaɗai a ɗakin na san wace tsayawa ce ta sabis, wace ce tasa. Kuma wallahi, masu karatu, daɗi na ji. Na ce a raina Allah ya kawo mini rufin asiri daga inda ban zata ba.

Baba ya cire tabarau ya goge. "Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "ban ga bakinsa ba. A gyara abin nan a sake. Ba na ba da amsa a kan mutumin da ban ji ba."

Da yamma saƙon Mai Awo ya shigo. Ya ce mu gyara kwamfutar tare, shi daga can, ni daga nan, amma da sharaɗi ɗaya: kada in taɓa abu biyu a lokaci guda. In canza ɗaya, in zauna in kalla, sannan in matsa gaba. Wai haka suke yi da ruwa, in ka buɗe ƙofa biyu tare ba za ka san wacce ta kawo ambaliya ba.

Muka fara da numfashin dare. Ya tambaye ni yaya nake kashe ta. Na ce rufe murfin kawai nake yi. Ya ce to ba ta mutu ba, gyangyaɗi take yi, kuma sabuwar manhajar ta ba ta izinin tashi da kanta cikin dare ta ƙarasa 'yan aikace-aikacenta. Ta tashi a cikin bargo, ba iska, fanka ta yi ta fama har batir ya ƙare. Ya bi da ni cikin saitin wuta, lungu-lungu, har na samo wurin da aka yarda mata ta riƙa farkawa, na hana. Na kashe wani abu kuma da suke kira saurin tashi, wanda ke sa ko an kashe ta ba ta mutuwa duka. Sannan ya ce in kashe ta gaba ɗaya, in zare caja, in danne maɓallin kunnawa in riƙe har sai yatsana ya gaji, don ragowar wutar da ta maƙale ta fita.

Ya rage bargo. Wannan ya fi saitin wuya. Umma ta ce ita ba za ta bar baiwar Allah tsirara ba. Da ƙyar muka daidaita a kan ɗan siririn gyale, a kan tebur, ba a sif ba. A daren ba mu ji numfashin kowa ba sai namu, da safe kuma batir na nan yadda na bar shi. Umma ta leƙo ta ce ai gyalen ne ya karɓe ta.

Sai maganar sabis. Ya ce in duba wayata, ita ma tana yankewa? Na ce a'a, lafiya lau take. Ya ce in tambayi wani mai amfani da wayafai ɗinmu. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarmu, Anti Tela, wadda bango ɗaya ya raba falonmu da ɗakin ɗinkinta, muka kuma ba ta lambar sirrinmu tun bara take kallon salon ɗinki. Ta ce ita kam ko sau ɗaya bai tsaya mata ba, ta ƙara da tambayar wane ne baƙon da muka yi ta kira jiya. Na ce mata ɗan uwa ne, na gudo.

Mai Awo ya rubuto: "To ɗan akwatin wayafai ba shi da laifi, a sake shi. Yanzu ki zauna a ɗakinki, caja a jiki, ki kunna bidiyo mai tsawo."

Na kunna, ya tafi sumul. Ya ce in zare caja in jira. Ban gama shan ruwan da ke hannuna ba alamar ta ɓace. Na mayar da caja, ta dawo. Na zare, ta ɓace. Na yi ta yi kamar yarinya ta samu sabon abin wasa. Ashe shi ya sa a ɗakina ba ta cika yi ba, sai a gaban kujerar Baba inda babu soket kusa.

Ya ce in shiga jerin kayan cikin kwamfutar, in nemo na'urar da ke kama wayafai, in buɗe shafinta na tattalin wuta. Zan ga ɗan akwati, a gefensa an rubuta a bar kwamfuta ta kashe wannan na'ura don a rage shan batir. Ya ce sau da yawa sabuntawa takan mayar wa akwatin nan alamarsa ba tare da an sani ba.

Na shiga. Ga shi nan kuwa, ɗan akwati bai kai ƙwayar gero ba, da 'yar alamarsa a ciki. Na ɗora kibiya a kai, sai yatsana ya ƙi dannawa.

Na zauna ina kallonsa. Wannan ɗan abin shi ne ya tsaya tsakanin Gwaggo da gaskiya. In na bar shi, gobe ma hoto zai daskare, Gwaggo ta zagi sabis, wataƙila Baba ya gaji ya ce ya gani hakanan, ya amince don ya ga ina so. Na ɗauki waya na rubuta masa cewa ban ga akwatin ba, ƙila irin tawa ba ta da shi.

Na zuba wa wayar ido. Na ga alamar yana rubutu, ta tsaya, ta dawo. Har a rubutun ma ranar sai da ya yi i'ina.

"Mai Zane, ɗauko mini hoton shafin."

Ban ɗauka ba. Na rubuta: "Gwaggo baki take nema wa gidanmu. In ta ji ka, shi ke nan."

"Na sani. Jiya na ga fuskarki lokacin da take zagin sabis. Kin ji daɗi."

Kunya ta rufe ni, na kifa wayar a kan katifa. Da na ɗago ta, ga wani saƙon.

"Ban ji haushi ba, ni ma na ji daɗin, na ɗan lokaci. Amma ki duba. In Baba ya ba ni ke don sabis ya rufa mini asiri, ranar da na hawo benenku da ƙafata, wane sabis ne zai yanke? Cire alamar. Ki bar ni in tsaya a gabansa da bakin da Allah ya ba ni."

Na yi kuka kaɗan, ba zan ɓoye muku ba, na goge da gefen gyalen kwamfuta. Sannan na danna. Alamar ta fita, ko ƙara ba ta yi ba. Na sake kunna kwamfutar, na zare caja, na zagaya da ita gidan duka, kicin, baranda, har bayan ƙofa. Sabis ya tsaya daram kamar an kafa shi da ƙusa. Ban taɓa gyara abu na ji tsoronsa irin na ranar ba.

Kira na biyu da la'asar aka sa. Na saka doguwar rigata shuɗiya mai ƙananan furanni a hannu, na ɗaura ɗankwali na kwance ya fi a ƙirga. Baba ya sa farar rigarsa ta fita, ya goge tabarau, ya ajiye na'urar jinsa a cikin gwangwaninta, don ya ce in ya saka ta fito kawai take masa kamar tsuntsu. Umma ta zauna a hannun kujera. Gwaggo ta bugo ta ce mota ta tsaya da su a hanya, mu fara, ai wannan sabis ɗin namu ko ta zo ba abin da za a ji.

Hoton ya fito tar, har ina ganin ruwan a bayansa, shimfiɗe har ƙarshen ido, da wani farin tsuntsu tsaye a kan ƙarfe da ƙafa ɗaya. Mai Awo ya fara sallama, ta maƙale. Ya runtse ido, leɓensa na rawa, ya sake ɗaukowa daga farko, ya sake, har ta fito. Tsuntsun da ke bayansa ya sauke ƙafa ya ɗaga ɗayar, kowa na gani, babu abin da ya daskare.

Umma ta kalli fitilun ɗan akwatin wayafai, duk kore. Ta kalli fuskar kwamfuta. Sannan ta juyo ta kalle ni, kallon da ya sa na fara ƙirga furannin hannun rigata.

Baba kuwa matsowa ya yi, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya amsa sallamar. Ya tambaye shi iyayensa, ya tambaye shi aikin, ya ce in ruwa ya wuce alama cikin dare kuma waya ta ƙi shiga, me yake yi. Mai Awo ya ba shi amsa, a hankali, kalma na tsayawa yana jiranta, ba ya tsallake ta ya ɗauko wata. Ya ce yakan hau babur ya bi ƙauyukan ƙasa gida-gida. Baba ya ce da wane bakin, ya ce da murfin tukunya da ludayi. Sai na ji abin da na daɗe ban ji ba, Baba ya tuntsire da dariya har da buga gwiwa, a daidai wurin dariyar, ba sai Umma ta maimaita masa ba.

Suka daɗe. Shayin Baba ya huce bai taɓa ba. Can ya gyara zama ya ce, "Yaro, i'ina kake yi ko?"

Mai Awo ya dubi Baba ido cikin ido ya ce eh, tun yana ƙarami.

"Na gani tun sallama," in ji Baba. "Kowa sau ɗaya yake jefo mini kalma ya wuce, in na cafe to, in ban cafe ba in gyaɗa kai kamar ƙadangare. Kai kuwa sai ka ba ni ita, ka sake ba ni, ka jira ni. Rabona da in ji zance daga farkonsa har ƙarshensa tun ina masaƙa."

Mai Awo ya sunkuyar da kai. Umma ta sa bakin mayafi a ido, wai ƙura ce. Baba ya ce masa in ruwa ya sauka ya zo da ƙafarsa su zauna a kujerar nan, akwai sauran hira. Amma ya ƙara da cewa shi ƙane ne, yana da yaya, ba ya yanke magana sai ya zauna da ita. Ya ce a bar masa wannan, shi ya san lokacin da ake tarar ta da irin wannan zance, sai ta ci ta ƙoshi ta cire takalmi.

Aka yi sallama, ita ma sai da ta ɗauki lokacinta. Na rufe kiran raina fari ƙal. Na ce a zuciyata in dai Baba ne zai fara kai mata maganar, a nitse, yadda ya tsara, to akwai hanya.

Sai muka ji takun bene da haki. Gwaggo ce, tana faɗan direba tun daga ƙasa. Ta iso bakin ƙofarmu, ta dafa bango ta zare takalmi ɗaya. Daidai nan ƙofar da ke kusa ta buɗe, Anti Tela ta leƙo da tef a wuya da allura a bakin riga. Baba ya ba ƙofa baya, yana ta yi wa baƙin gilashin kwamfuta murmushi, bai ga bakin kowa ba.

"Sannu da zuwa, Gwaggo," in ji Anti Tela. Ta leƙa ta kan kafaɗarta ta hango ni. "Ke 'yar nan, ba kin ce an gyara sabis ɗin ba? Ni tun ɗazu nake kallo a ɗaki, ko sau ɗaya bai tsaya mini ba. To me ya sa ta bango nake jin muryar baƙon naku tana ta yankewa?"

Gwaggo ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ta dubi Umma, Umma ta dubi kofin shayi. Ta dube ni.